Kafin Digirin Digirgir, A Je A Gaida Mai Unguwa

Tun da na ajiye aiki, duk matashin da ya zo neman in rubuta masa takardar shaida don karatun digirin digirgir a fannin nazarin annoba da lafiyar al'umma, tambayarsa ba ta wuce biyu: wace jami'a ce ke ba da tallafi, Ingila ko Amurka, kuma wane farfesa zai aika wa saƙo? Ban ga laifinsu ba, karatu sai da kuɗi. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne in na ce, "To ɗana, wace tambaya ce take hana ka barci?" sai ya buɗe kwamfuta ya nuna mini alƙaluman da ya sauko da su daga intanet, na mutanen da bai taɓa shan ruwan randarsu ba.

Mu ba ta wannan ƙofa muka shigo ba. A Zariya muka tashi, zamanin da Farfesa Umaru Shehu, Allah ya jiƙansa, yake jagorantar sashen lafiyar al'umma, Brian Greenwood yana binciken cutar sanƙarau, ana ta zirga-zirga zuwa Malumfashi aikin bincike. Amma wanda ya koya mini sana'ar ba farfesa ba ne. Wani tsohon duba-gari ne da ya yi makarantar koyon tsafta ta Kano, kowa Baba yake ce masa.

In aka ce ciwo ya ɓulla a ƙauye, Baba ba ya fara da ɗakin shan magani. Zauren dagaci zai nufa, ya tuɓe takalmi, a yi gaisuwa har ta ƙoshi, bai ambaci mutuwa ba. Daga nan sai rumfar mai yadi. "Alhaji, yaya kasuwar fari kwanan nan? Manyan yanka ake saye ko ƙanana?" Amsar nan kaɗai ta gaya masa ko yara ne ke tafiya ko manya. Sai masu haƙa kabari, sai ungozoma, sai wanzami, don shi ake fara kira kafin a tuna da asibiti. Da yamma ya shimfiɗa tabarma, ya ja layuka da rula a littafinsa: sunan maigida, unguwa, rijiyar da suke sha, ranar da ciwo ya kama. Mutanen ba su riƙe kwanan wata, don haka da ranar kasuwa yake auna musu, ko ya ce kafin Sallah ne ko bayanta. Kafin a kira isha'i ya zana taswirar garin da hannu, ya ɗiga kowane gida da jan biro, kowa ya ga inda ɗigon ya taru.

Wannan ido ne ya kamata a ce yana Zamfara tun farkon 2010. Agwagi suka fara mutuwa a ƙauyukan da ake niƙa dutsen zinariya a tsakar gida, ba wanda ya rubuta. Sai da likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka tarar yara na suma suna mutuwa, maganin maleriya bai yi musu komai ba, kafin a gane gubar dalma ce. Yara sama da 400 suka tafi a wurare irin su Dareta da Bagega. Na rantse da Baba yana raye yana yawo da kekensa, da agwagin nan sun shiga littafi.

Kada a ce ina ƙin lissafi. Aikin Garki, a Jigawa ta yau, daga 1969 zuwa 1976, shi ya haifi ɗaya daga cikin fitattun lissafe-lissafen yaɗuwar maleriya a duniya, ya kuma nuna feshi da rabon magani ba su isa su katse cutar a irin ƙasarmu ba. Sai dai kowane adadi a ciki, wani ne ya taka gida-gida ya ɗiga jini a gilashi, wani ya kwana yana kama sauro. Haka kurkunu a Najeriya: daga mutum sama da 650,000 a 1988 zuwa na ƙarshe a 2008, ba tare da allura ko ƙwaya ba. 'Yan sa-kai ne na ƙauye da littattafansu da ƙyallen tace ruwa.

Mun kuma ga abin da ke faruwa in aka tsallake zaure. A annobar sanƙarau ta 1996, da ta kashe sama da mutum 11,000, aka yi gwajin maganin Trovan da ya haɗa da yara wajen 200 a Kano. Ciwon abin bai bar zukata ba, yana cikin abin da aka riƙa ambata da aka ƙaurace wa rigakafin shan inna a 2003. Sarakuna da malamai ne suka sake buɗe ƙofofin, wato inda Baba yake farawa tun asali.

Abin da har yau bai bar ni ba shi ne, baƙi da 'yan gida sun yi digiri da littattafan irin su Baba, sunansu ko a shafin godiya bai fito ba. Ya rasu yana bin layin fansho. Duba-gari kuma aka mayar da shi mai karɓar tara a kasuwa.

Shirin horar da masu bin sawun annoba da aka fara a 2008 tare da jami'o'in Zariya da Ibadan ya farfaɗo da wani abu na wannan tarbiyya, ina yaba masa. Amma wanda duk zai nemi digirin nan, a gida ko a waje, ya yi damina ɗaya da rani ɗaya a ƙaramar hukuma tukuna. Ya samo tambayarsa daga bakin mutane, ya rubuta ta a layi biyu, sannan ya nemi malamin da aikinsa ya dace da ita. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo, kuma masu tantance takardu suna gane wanda ya kwana a ɗakin. In Allah ya sa ya gama, ya sa sunan wanda ya riƙe masa littafi a jerin marubuta, don haƙƙinsa ne.