Maganin hawan jini: Ƙa'idojin sha da kurakuran da ake yi a karkara

A ƙauyukan arewacin jihar Kano, daga Bichi da Tsanyawa zuwa Dambatta da Makoda da Kunchi, ba safai ake auna jinin mutum ba sai wata larura dabam ta kai shi asibiti.

Galibi a nan ne ake shaida masa cewa jininsa ya hau, a rubuta masa magani na wata guda. Matsalar takan fara ne bayan watan ya ƙare, lokacin da mutum ya ji garau ya ɗauka ya warke.

Likitoci na cewa hawan jini ba a warkar da shi kamar zazzaɓin cizon sauro. Magani yana danne shi ne kawai, kuma da zarar an daina sha sai ya koma inda yake, sau da yawa ba tare da wata alama ba, har sai ya kai ga shanyewar ɓarin jiki, ko ciwon zuciya, ko lalacewar ƙoda.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ana tabbatar da cutar ne idan awo ya kai 140 bisa 90 ko ya haura, a ranaku biyu mabambanta. A wani rahoto da ta fitar a 2023, hukumar ta ce mutum huɗu cikin biyar masu cutar a duniya ba sa samun kulawar da ta dace.

Matakan magani

A shekarar 2020 Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya, da haɗin gwiwar Hukumar Lafiya ta Duniya, ta soma wani shiri na kula da masu hawan jini a ƙananan asibitoci a jihohin Kano da Ogun. Manufar ita ce a daina tilasta wa manomi zuwa birni saboda ƙwayar da za a iya ba shi a mazaɓarsa.

Tsarin da aka shimfiɗa wa ma'aikatan lafiya hawa-hawa ne. Ana farawa da amlodipine miligiram 5, sau ɗaya a rana. Idan bayan wata guda jinin bai sauka ƙasa da 140 bisa 90 ba, sai a haɗa da losartan miligiram 50. Daga nan a kai amlodipine 10 da losartan 100, sannan a ƙara hydrochlorothiazide, wanda ke sa fitsari. Wanda duk wannan bai yi masa ba, akan tura shi babban asibiti.

Akwai dalilin fifita amlodipine. Wani bincike da aka gudanar a ƙasashen Afirka shida ƙarƙashin jagorancin Dakta Dike Ojji na Jami'ar Abuja, aka wallafa a 2019, ya gano cewa haɗin da ke ɗauke da amlodipine ya fi saukar da jinin baƙar fata, idan aka kwatanta da haɗin da babu shi.

Maganin yana daɗewa a jiki, kuma yakan ɗauki kimanin mako guda kafin ya daidaita a cikin jini. Don haka wanda ya sha kwana biyu ya ce bai ga aiki ba, ya yi gaggawa. Haka nan wanda ke ajiye shi sai ranar da kansa ya yi ciwo ya haɗiyi ɗaya, kusan asarar kuɗinsa yake yi.

Ƙarin magani ba ya nufin cutar ta gagara. Yawancin masu hawan jini na buƙatar iri biyu ko fiye. Sai dai mai awo ne ke da hurumin ƙarawa ko ragewa, ba maƙwabci ba, ko da kuwa kwalin maganinsu iri ɗaya ne.

Lokacin sha da mantuwa

An daɗe ana muhawara kan ko safe ya fi ko dare. Wani bincike a Birtaniya kan mutane fiye da 21,000, wanda aka bayyana sakamakonsa a 2022, bai ga bambanci tsakanin lokutan biyu ba wajen kariya daga bugun zuciya da shanyewar jiki. Abin da ake so shi ne lokaci guda a kullum, kuma ɗaura shi da sallar asuba ko ta isha'i ya fi agogo sauƙin kiyayewa.

Magungunan sa fitsari, irin su Moduretic da furosemide wanda aka fi sani da Lasix, su ne aka fi so a sha da safe, don kada su hana barci.

Wanda ya manta da amlodipine zai iya sha idan ya tuna kafin sa'o'i 12 su wuce. Idan sun wuce ya bari sai gobe. Ba a haɗa biyu don a rama na jiya.

Masu shan atenolol ko propranolol kuwa suna da gargaɗi na musamman: yanke su farat ɗaya na iya tayar da bugun zuciya, musamman ga mai ciwon zuciya. Mai tafiya ci-rani ya tanadi abin da zai ishe shi kafin ya bar gida.

Azumi da zafin bazara

Mafi yawan waɗanda jininsu ya daidaita suna iya azumi, musamman idan maganin na sau ɗaya ne, domin ana iya mayar da shi lokacin buɗe-baki ko sahur. Shawarar likitoci ita ce a je awo makonni kafin watan ya kama.

Maganin sa fitsari shi ne abin lura. Shan sa da sahur, sannan a wuni a gona ko kasuwa a watan Afrilu, lokacin da zafi kan haura digiri 40 a Kano, na iya jawo ƙarancin ruwa a jiki da jiri da faɗuwa. Mai ciwon zuciya da ke kumburi ko haki bai kamata ya ɗauki azumi ba sai da amincewar likitansa.

Haka kuma idan amai da gudawa suka kama mai shan losartan, ko lisinopril, ko maganin fitsari, ƙoda na shiga haɗari, don haka a nemi ma'aikacin lafiya a ranar.

Gishiri, kanwa da maganin gajiya

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishirin da baligi zai ci a rana ya kai giram 5, wato kusan ƙaramin cokali ɗaya. A wannan lissafi har da dunƙulen miya.

Har da kanwa ma. Sinadarin da ke tayar da jini a cikin gishiri shi ne ya fi yawa a cikinta. Tun a shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta yawaitar ciwon zuciya bayan haihuwa da kunun kanwa da wankan jego da ruwa mai tsananin zafi. Mai jegon da ta fara haki, ƙafafunta suka kumbura, ko ta kasa kwanciya sai a jingine, asibiti take buƙata ba tare da jinkiri ba.

Wani abin da ba a cika kawo shi a rai ba shi ne maganin ciwon jiki. Da damina, manomi ya dawo daga huɗa ko noma a gajiye, sai ya biya kemis a ƙulla masa haɗi. Sau da yawa a ciki akwai diclofenac ko ibuprofen ko piroxicam, waɗanda ke riƙe gishiri da ruwa a jiki, su rage ƙarfin maganin hawan jini, su kuma wahalar da ƙoda. Paracetamol ya fi aminci ga irin waɗannan mutane.

Illoli da mata masu ciki

Amlodipine kan kumbura idon sawu, musamman a miligiram 10. Lisinopril kan jawo busasshen tari da maganin tari ba ya ji. Duka biyun ana iya sauya su, kuma komawa asibiti ya fi jefar da kwalin a yi shiru. Amma idan leɓe ko harshe ko fuska suka kumbura bayan shan lisinopril, a dakatar da shi a garzaya asibiti nan take.

Losartan da lisinopril suna cutar da ɗan tayi. Macen da ke shan su ta sami ciki, ko take neman haihuwa, ta sanar da ma'aikacin lafiya domin a mayar da ita kan methyldopa, wanda aka sani da Aldomet, ko nifedipine ko labetalol.

Ana so a koma awo duk wata har jinin ya daidaita, daga nan kuma duk bayan wata uku zuwa shida. Manyan asibitocin Bichi da Dambatta na karɓar waɗanda ƙananan asibitoci suka tura, yayin da masu ciwon zuciya ko ƙoda mai tsanani kan dangana da Asibitin Ƙwararru na Murtala Muhammad ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano.

Awon da ya kai 180 bisa 120 tare da ciwon ƙirji, ko karkacewar baki, ko mutuwar hannu, ko rikicewar magana, ba a jiran ranar kasuwa kafin a kai mutum asibiti.