Yadda Launi Ya Shiga Kyamarar Dijital

Mai karatu, ka tuna lokacin da ake ɗaukar hoton biki a Rijiyar Zaki, a kai wanki cikin gari, jar atamfa ta dawo a koɗe? Kyamarar dijital ta farko, wadda Steven Sasson na kamfanin Kodak ya ƙera a 1975, baƙi da fari kawai take ɗauka. A 1976 Bryce Bayer ya yi rajistar matacin ja, kore da shuɗi; rabinsa kore ne, don idonmu ya fi kama kore. Sai Photoshop ya zo a 1990, daga baya ya faɗa hannun masu fostar finafinan Kano. Wasu kan cika launi har jaruma ta koma ja wur, uwarta ma sai ta duba sau biyu!