Tarihin Malamin Dabbobi Na En'e Da Aikinsa

Cikin ma'aikatan En'e akwai waɗanda kowa ya sani, kamar alƙali da ma'aji da ɗan doka, don aikinsu a tsakiyar gari ya ke. Akwai kuma wanda yawancin kwanakinsa a daji ya yi su, tsakanin ruga da mashaya da kara, watau Malamin Dabbobi. Da ya ke dukiyar talakan ƙasar nan a gona ta ke da turke, ya kamata a ajiye labarin wanda aka ɗora wa tsaron ta turken, don na baya su san yadda aikin ya faro da abin da ya ƙunsa.

Tun kafin zuwan Turawa sha'anin dabbobi yana da masu shi. Sarkin Pawa shi ke da mahauta da mayanka, Sarkin Zango shi ke saukar da fatake da dabbobinsu, Arɗo kuwa shi ke tsaye tsakanin Fulani da hakimi, ta hannunsa jangali ke fitowa. In akuya ta ɓata, ko jaki ya tsinke, sai a kai wanda aka tsinta ƙofar mai unguwa a ɗaure, sankira ya yi cigiya ran kasuwa, mai shi ya zo da shaidu ya karɓa. Shari'a kuma ta riga ta yanke hukuncin ɓarna. A littafin Risala, wanda alƙalan ƙasar nan ke aiki da shi, ɓarnar da dabbobi suka yi wa shuka da dare tana wuyan mai dabbobin, don shi ya kamata ya tsare su, amma ta rana ba a bin sa, don mai gona shi ke tsaron gonarsa. Wannan duka ya isa raba gardama tsakanin mutum da mutum. Abin da ba wanda ya ke da dabararsa a lokacin shi ne annoba.

Cikin 1887 Italiyawa suka sauke shanu a Masawa, bakin Bahar Maliya, ashe da cutar bushiya a jikinsu. Ta bi garke garke ta ƙetare Sudan, wajen 1890 ta iso ƙasashen nan. Saniya sai ta yi zazzaɓi, idonta da hancinta su yi ta zuba, bakinta ya ɗaye, zawo ya biyo baya, cikin 'yan kwanaki ta faɗi. A wurare da yawa cikin shanu goma da ƙyar ɗaya ta tsira. Bafillacen da ya kwana da garke ya wayi gari da sanda kaɗai, waɗansu suka koma noma dole, waɗansu suka shiga duniya. Ba ta tafi ke nan ba, ta sake dawowa cikin 1913 zuwa 1914, ta kuma koma cikin 1919 zuwa 1920.

Wannan ya sa Gwamnati ta kafa ma'aikatar dabbobi. Da fari a Zariya ta zauna, sa'an nan cikin 1924 aka mai da ita Vom, kusa da Bukuru, inda ƙasa ta ke bisa tudu, da sanyi, ba tsando. Can aka riƙa haɗa maganin bushiya. Amma Likitocin Dabbobi Turawa 'yan kaɗan ne, ƙasa kuwa ga faɗi, ga Fulani ba su zama wuri ɗaya. Sai aka ga ba yadda za a yi magani ya kai ga saniya sai ta hannun 'yan ƙasa. Da ya ke tun wajen 1911 aka fara kafa Baitulmali a manyan masarautu, jangali kuma yana cikin manyan hanyoyin da kuɗi ke shiga cikinsa, sai En'e ta ɗauki nata malamai, tana biyansu albashi, Likitan Dabbobi yana duba aikinsu. Cikin 1941 aka buɗe makarantar koyon aikin a Vom, inda waɗanda suka fi ƙwazo suka riƙa zuwa ƙaro sani.

Ba kowa a kan ɗauka ba. Sai wanda ya iya karatu da rubutun boko, ya iya lissafi, don kowace allura sai an rubuta, kowane wata sai an aika da rahoto. Sai mai lafiya, wanda zai iya yini bisa doki ko keke, ya kwana inda dare ya yi masa. In yana jin Fillanci ya yi rabin aiki, don Bafillace ba ya sakin jiki da wanda sai da tafinta za su gana. A kan so wanda ba ya tsoron ƙaho, ya san yadda a ke kā da bijimi ba tare da an karya shi ba. Gaba da wannan duka sai amana, gama mutum ne shi kaɗai a daji, ba mai ganinsa, a hannunsa kuwa akwai takardar da za ta buɗe wa falke hanya ko ta rufe masa.

Babban aikinsa na farko shi ne sansanin allura. Dabarar da aka fara da ita mai wuya ce. A kan ɗebi jinin saniya mai cutar a yi wa lafiyayya allura da shi, nan take kuma a yi mata wata da ruwan jinin saniyar da ta riga ta warke, don cutar ta kama ta sama sama, ta tashi, ba ta ƙara kamuwa har abada. Sai shanu su zauna a sansani ana dubansu har zazzaɓin ya wuce, a yi musu shaida a kunne, a sallame su. Waɗansu 'yan kaɗan, musamman raunana, sukan mutu. To, ga mutumin da aka ce ya kawo lafiyayyun shanunsa a sa musu cuta da gangan, ga kuma tsoron kada ƙidayar da malami ya yi ta faɗa hannun mai karɓar jangali. Don haka da yawa suka riƙa ɓoye rabin garke a kurmi, waɗansu suka ƙetare iyaka. Abin da ya karya wannan tsoro shi ne ganin ido. In bushiya ta ratsa ƙasa, masu shaida a kunne suna kiwo, na maƙwabci suna zuba, sai ga Arɗo da kansa ya zo yana tambayar ranar allura. Daga baya aka sami magani mai sauƙi wanda a ke rainon ƙwayar cutar a jikin awaki har ƙarfinta ya ragu, wahalar sansani ta yi sauƙi.

Na biyu shi ne tsaron hanya. Shanun fatauci da ke gangarawa Kudu, ko da ƙafa ko ta jirgin ƙasa, wanda ya iso Kano cikin 1911, sai sun bi ta tashar duba shanu, a ƙidaya su, a duba lafiyarsu, a ba da takarda. Dokar cututtukan dabbobi ta 1917 ta wajabta kai rahoton annoba, ta kuma ba da ikon tsare garken da cuta ta ɓulla cikinsa. A kara da mayanka kuma yana tare da Sarkin Pawa. In saniya ta faɗi farat ɗaya, baƙin jini yana fita ta hanci da dubura, ya san ciwon saifa ne, sai ya hana a feɗe ta, a ƙone ta ko a binne da zurfi, don wanda ya taɓa naman ko fatar yana iya kamuwa. Nan ne ya kan sha baƙin jini, gama mai saniya yana ganin asara biyu, ba rai ba nama.

Na uku shi ne na cikin gari. Dabbar da aka bari tana yawo, tana shiga gonaki ko rumfunan kasuwa, a kan kama ta a kai makiyayar En'e a tsare, mai ita ya biya kuɗin kamu da na ciyarwa ya karɓa, in akwai ɓarna kuwa magana ta tafi gaban alƙali, malami ya ba da shaidar abin da ya gani. Mafi hatsari shi ne mahaukacin kare. Cutar tana cikin yawunsa, ta wurin cizo ta ke shiga, ta kan yi makonni ko watanni a jikin mutum ba alama, in kuwa alama ta bayyana, har ya kai ga tsoron ruwa, ba a cika tashi ba. Saboda haka ƙa'ida ita ce a wanke wurin cizon da ruwa da sabulu nan da nan, a daɗe ana wankewa, a gaggauta kai mutum asibiti a fara masa allura, irin wadda Pasteur na Faransa ya fara yi cikin 1885. Karen kuwa a ɗaure shi kwana 10 ana dubansa. In ya wuce kwanakin lafiya lau, hankali ya kwanta. In ya mutu, a yanke kansa a aika Vom a duba ƙwaƙwalwarsa. Malami da 'yan doka su ne ke bin karnukan da ba su da masu su in cutar ta ɓulla a gari.

Cikin 1962 ƙasashen da ke kewaye da Tafkin Chadi, watau Nijeriya da Nijar da Kamaru da Chadi, suka haɗa kai suka yi gangamin allurar bushiya, malaman En'e su ne suka bi ruga ruga. Cikin 1976 aka rushe tsarin En'e, ƙananan hukumomi suka gaje ta, cikin 1979 kuma jihohin Kano da Kaduna suka soke jangali. Da aka yi sakaci da allura, bushiya ta sake dawowa cikin 1983 ta yi ɓarna mai yawa, aka sake tashi tsaye, har cikin 2011 aka yi shela cewa an kawar da ita daga duniya baki ɗaya.

Ciwon huhu da sammore da haukan kare kuwa suna nan har wa yau, rigimar gona da burtali ma ba ta ƙare ba, don haka wanda ya gaji wannan aiki yana bukatar irin abin da na farko suka bukata, watau sani da juriya da amana. Waɗanda suka riga mu gidan gaskiya cikinsu, Allah ya jiƙansu, ya saka musu da alheri, amin.