Rufe Matan Fada da Makomar Ayu: Nazarin Rabon Iko a Kogunan Arewacin Nijeriya

Tsakure

Maƙalar ta duba yadda masarauta, gwamnatin jiha da ta tarayya suke raba iko a kan kamun kifin gasa a Argungu. Ta nuna cewa tsarin yana kare giwan ruwa a yanki guda na kogi, amma ayu, wanda ya fi shiga haɗari, ba shi da takamaiman mai kula da shi.

Gabatarwa

Bikin Argungu ya samo asali ne a 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci garin bayan daɗaɗɗiyar gaba tsakanin Kabi da Sakkwato. A 2016 UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun gado na duniya. Masu yawon buɗe ido dubban masunta suke gani suna rugawa ruwa da homa da gora. Ga mai nazarin albarkatun ruwa kuwa, sauran watannin shekara sun fi muhimmanci, domin a cikinsu ne Sarkin Ruwa yake hana su a Matan Fada, yankin kogin da ake gasar. Wannan hani shi ke ba kifi damar hayayyafa da girma. Dokar ba a takarda take ba, amma Bakabe yana jin nauyinta fiye da wadda aka buga a gazet.

Rabon Iko

Kundin tsarin mulki na 1999 ya ba tarayya ikon kamun kifi a teku, ya cire koguna da tafkuna daga wannan jeri, wato ya bar su ga jihohi. Duk da haka akwai dokar kamun kifin cikin ƙasa ta 1992, wadda gwamnatin soja ta kafa. Ruwan kansa kuma yana hannun Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima, mai kula da madatsun Bakolori da Goronyo. Idan ba a saki ruwa a kan lokaci ba, hanin Sarkin Ruwa ya tashi a banza, don kifi yana bin ambaliya ne zuwa fadama ya yi ƙwai. A nan ne haɗin kai ya fi rauni, a ganin wannan bincike: mai hana su daban, mai riƙe da ruwa daban, kuma manoman rani su ma suna jiran rabonsu.

Matsalar ta ƙetare iyaka. Gulbin Maraɗi yana ratsa Nijar kafin ya komo ya haɗu da Rima, kuma yana cikin kogunan da yarjejeniyar Maiduguri ta 1990 tsakanin Nijeriya da Nijar ta shafa. Amma rabon ruwa yarjejeniyar ta fi mayar wa hankali.

Ayu

Ayu na rayuwa a Neja da Binuwai, har da tafkin Kainji da na Pandam a Filato. Uwa ɗa guda take haifa bayan cikin kusan shekara, don haka kashe ƴan kaɗan ma giɓi ne babba. Dokar kare dabbobi masu ƙarewa ta 1985, wadda aka gyara a 2016, ta hana farautarsa, kuma a 2013 yarjejeniyar CITES ta ɗaga shi zuwa rukunin farko, inda aka haramta cinikinsa tsakanin ƙasashe. Sai dai wannan aiki na Ma'aikatar Muhalli ne, alhali malamin kifi na jiha shi ke zuwa bakin kwata. Ayun da ya faɗa taru yakan ƙare a kasuwa, kuma har yau ana tallar man ayu a cikin kayan mata, ko da wani na jabu ne.

Cibiyar binciken kifi ta New Bussa tana da masana, sarakunan ruwa kuma su suka san gurbin da ayu yake fakewa da rani. Abin da ya dace jihohin Kebbi da Neja su gwada shi ne a rubuta irin hanin Matan Fada cikin dokar jiha, a faɗaɗa shi zuwa waɗannan gurabe, sannan a ba Sarkin Ruwa kujera a zaman da ake tsara sakin ruwan Goronyo.