Matasan El Asnam Bayan Girgizar Ƙasar 1980

Aljeriya, maƙwabciyar Nijar ta arewa, tana da yankin gaɓar teku da girgizar ƙasa ta saba ziyarta. Birnin da ake kira Shalif a yau, mai tazarar kusan kilomita 200 yamma da Aljas, sau biyu yana rushewa cikin shekaru 26. Na farko a 1954, lokacin Faransawa na kiransa Orleansbil. Na biyu ranar Juma'a, 10 ga Oktoba, 1980, yana amsa sunan El Asnam. Ƙarfin ta biyun ya haura maki 7. Bisa ƙidayar hukuma mutane fiye da 2,600 suka rasu, kimanin 300,000 kuma suka rasa matsuguni.

Ranar da abin ya auku ta yi wa ɗalibai rana. A wancan zamani Juma'a ranar hutun mako ce a Aljeriya, don haka azuzuwan da suka rufta babu kowa cikinsu. Yara da dama sun tsira da rai, amma sun wayi gari ba gida, ba makaranta.

Matashi ɗan shekara goma sha huɗu ko sha biyar yana tsaka mai wuya a irin wannan hali. Ya wuce a goya shi a rarrashe shi, bai kuma kai a nemi shawararsa ba. Shi ake aika layin ruwa da na burodi, ita ake bar wa ƙanne idan uwa ta rasu ko tana jinya. Ɗawainiyar tana da nauyi, sai dai takan ba yaro abin riƙewa, domin wanda ake buƙatarsa da safe yana da dalilin tashi. Haka ma karatu, ko da a tanti ne: kiran suna a aji shi ne abu na farko da ke komawa yadda yake a da.

Abin da ya fi daɗewa yana cin waɗannan matasa shi ne jira. Gwamnatin Shazali bin Jadid ta kafa dubban gidajen wucin gadi, irin waɗanda ake harhaɗawa daga masana'anta, a unguwannin bayan gari, da niyyar a zauna na ɗan lokaci. An fito da dokokin gini masu la'akari da girgizar ƙasa a 1981, an kuma sauya wa birnin suna; El Asnam dai na nufin gumaka, Shalif kuwa sunan kogin yankin ne. Sauya suna bai ɗauki lokaci ba. Gidajen ne suka ƙi sauyawa. A cikinsu matasan 1980 suka balaga, suka yi aure, suka haihu, bango na ruɓewa, ana kuma fargabar sinadarin asbestos da ke jikin wasunsu.

A Afrilun 2008 tarzoma ta ɓarke a Shalif kan batun tallafin sake gina waɗannan gidaje. Akasarin samarin da suka fito kan tituna ba a haife su ba lokacin da ƙasa ta girgiza. 'Ya'yan waɗancan ɗalibai ne da hutun Juma'a ya tserar.