Kwatamin Obalende Da Kakanninmu

Duk wanda ya sauka a tashar Obalende ya ga baƙin ruwan nan na ƙarƙashin gada, cike da leda. To jama'a, asalinsa ba kwatami ba ne. Hanyar ruwa ce Turawa suka haƙa, aka sa mata sunan Gwamna MacGregor, wanda ya riƙe Ikko daga 1899 zuwa 1904. Shi likita ne, zazzaɓin sauro ya dame shi, sai ya dage a tsane fadamu. Wannan haƙa ita ta yanke Ikoyi daga tsibirin Ikko.

Mu me ya haɗa mu? Tun 1863 Kyaftin Glover ya tara Hausawa ya yi dakaru da su. Daga baya aka zaunar da sojojin Hausawa a Obalende, bakin wannan ruwa. Amma yau sai ka ji ana ce wa jikokinsu baƙi, su kuma ba su san amsa ba.

Bayarabe, Ibo da Bahaushe duk a gefensa muke ciniki. Da samarinmu masu zanen jikin mota za su haɗu da na maƙwabta, su zana labarin nan a ginshiƙan gada, wallahi ni zan fara ba da kuɗin fenti.