Amsoshin Wasiƙunku: Yadda Mutanen Da Ke Ajiye Tabar Lofe

Wasiƙar wannan mako ta fito ne daga wani ɗan tireda a ƙasar Katsina. Ya ce yana sayar wa dattawan ƙauyensu tabar lofe, amma da zarar ya buɗe ƙunshi ko gwangwani, in da hunturu ne kafin kasuwa ta zagayo sau biyu ta bushe ta zama gari, in kuwa da damina ne sai ta yi funfuna. Bara har uwar kuɗi ta taɓu. Shi ne yake tambaya, wai shin mutanen da yaya suke yi?

To Malam, sannu da haƙuri. Wannan abu da ya dame ka ya dami fatake tun shekaru ɗari huɗu da suka wuce, kuma dabararsu ɗaya ce: a tsare ɗan danshin da ke jikin ganyen, kada ya fita, kada wani ya shigo.

Ita dai taba baƙuwa ce a wurinmu. Asalinta nahiyar Amurka, Turawa ba su san ta ba sai bayan tafiyar Kolumbus ta 1492. Kafin ƙarni na 16 ya ƙare ta iso Afirka ta Yamma, har ta kai Tambutu. Nan da nan malamai suka shiga saɓani a kanta. Shehin malamin nan Ahmad Baba na Tambutu, wanda mayaƙan Maroko suka tafi da shi ƙasarsu a 1594, ya rubuta fatawa a 1607 yana ganin ba ta haramta ba, wasu kuwa suka tsaya a kan ta haramta. Wannan fage na malamai ne, ba nawa ba. Abin da zan iya faɗa shi ne a zamaninsu ba a san abin da likitoci suka tabbatar daga baya ba, wato taba na kawo ciwon daji na baki da maƙogwaro da huhu, kuma ta lofe ba ta kuɓuta ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce tana kashe mutum fiye da miliyan 7 a kowace shekara. Ka ji wannan, ka kuma gaya wa dattawan naka.

Inda labarin ajiya ya fi ban mamaki shi ne Bahiya, a ƙasar Barazil. Can manoma kan kasa tabarsu kashi uku. Mai kyau ta tafi Fotugal, ta ukun kuwa doka ta hana a kai ta can, don ganyen ƙanana ne, masu saurin karyewa. Sai suka tufke ta kamar igiya, suka shafe ta da ruwan rake da aka dafa ya yi kauri, irin wanda muke mazarƙwaila da shi, suka naɗe, suka ɗinke cikin fatar sa. Zaƙin ya riƙe danshi, tufkar ta hana iska ratsawa, fatar ta kare ta daga gumin teku na makonni. Abin da aka yi don ceton tabar da aka raina, sai ga shi ya ba ta ƙamshin da mutanen bakin teku suka fi so a kan kowace iri. Ta yi daraja har Turawan Holan, waɗanda suka ƙwace Elmina a ƙasar Gana ta yau a 1637, suka riƙa tare jiragen Bahiya suna karɓar kashi ɗaya cikin goma na tabar kafin su bar su su wuce.

Me ake saye da ita a Wida da Badagiri da Ikko? Mutane. Bayi. Cikin waɗanda aka loda a jiragen nan a farkon ƙarni na 19 akwai Hausawa da yawa, kuma tarihin Bahiya ya rubuta yunƙurin tawayensu a 1807 da 1814. Ni dai tun da na karanta wannan, in na ga naɗin taba sai jikina ya yi sanyi.

A ƙasarmu kuwa ba mu jira ta teku ba, mun noma tamu a fadamu da bayan gida. Bature matafiyi Heinrich Barth, wanda ya ratsa Katsina da Kano a 1851, ya ga gonakin taba a hanyarsa. Ana shanya ganyen, a jera shi, a danne, a ɗaure tam. Wanda za a tafi da shi nesa a sa a fata. Na amfanin yau da gobe, musamman taba gari da ake haɗawa da kanwa, a ɗura a batta. Lura da hikimar batta: ƙarama ce, bakinta matsattse, ba ta cin fiye da abin 'yan kwanaki. Babban ƙunshi yana can ɗaki a rufe, ba a dame shi. Da sigari ya yi ƙarfi, aka buɗe masana'antarsa a Ibadan a 1937, sannan a Zariya a 1959, sai lofe ya koma hannun tsofaffi, wannan sani ma ya bi su.

Gwangwanin kanti da kake saye, an zuƙe iskar cikinsa kafin a rufe, shi ya sa kake jin ɗan huci in ka ɓalle murfin. Daga wannan hucin kariyarsa ta ƙare. Don haka ranar da ka buɗe, ka juye a kwalabe masu murfin da ke da roba a ciki, wankakku, busassu sarai. Gara ƙanana huɗu da babba ɗaya, don ka riƙa buɗe guda kana barin sauran. Ka cika kowace, kada ka bar wa iska wuri. Leda ba ta riƙe danshi na dogon lokaci, ta kai wa mai saye ce kawai. Ka ajiye a wuri mai sanyi da duhu, ba saman kanta kusa da kwanon rufi ba, kuma nesa da kananzir da sabulu da turare, don taba na kwashe warin maƙwabcinta.

Wadda ta bushe ba ta mutu ba. Ka zuba a kwano, ka rufe bakinsa da tsumma mai tsabta da ka jiƙa ka matse, kada ya taɓa ganyen, ka riƙa dubawa kana juyawa. Ko ka jiƙa ɗan tsingaro, ka goge ruwan bayansa, ka sa a kwalbar ya kwana. Gwajin a yatsa yake: ka matsa, in ta dunƙule sannan ta warware a hankali, ta yi. In ta manne, ruwa ya yi yawa, baza ta ta sha iska.

Na ji wasu na jefa ɓawon lemo ko yankan dankali, wasu har zuma, wai koyi da mutanen Barazil. Kada ka fara. Su a wurin sarrafawa suke shafawa, kai kuwa funfuna da tururuwa za ka gayyato. Wadda ta riga ta yi funfuna kuma, ko ta fara warin ruma, zubar da ita za ka yi gaba ɗaya, ka wanke kwalbar da tafasasshen ruwa. Kada ka kankare sama ka sayar wa tsoho ƙasan. Da damina ka rage sari, ka sayo abin da zai ƙare cikin kasuwa biyu ko uku.